Manhajar da ta tare a wayata

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da muƙamina na babban wa, ina roƙon Allah Ya ƙara miki lafiya, ke da maigidanki. Inna tana nan ƙalau, sai ciwon gwiwa da ƙin shan magani. 'Yarki ta ci jarrabawa, ba sai na faɗi kan wanda ta gado ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kin san yarinyar takan ari wayata don aikin makaranta. Ran Talata, shugaban makarantarmu yana riƙe da wayar, yana duba jerin littattafan da ɗakin karatuna ke buƙata, sai saƙo ya faɗo yana sanar da ni cewa saura kwana biyu al'adata ta zo. Bawan Allah ya cire tabarau, ya miƙo mini wayar, ya yi mini fatan sauƙi.

Bincike ya tabbatar cewa 'yarki ce ta saukar da wata manhaja mai koya wa matasa sha'anin balaga. Na buɗe da niyyar gogewa, na ɓuge da karatu. Ni da na haddace faɗuwar dauloli, ashe rabin abin da ke ciki ban sani ba. Sai na iske tambayoyin da yarinyar ta yi a ciki, dariya ta ƙare. Wata huɗu ke nan ciwon mara yana hana ta zaman aji, har ta tambaya ko mutuwa za ta yi. Manhajar ta shawarce ta ta ga likita, ta kuma gaya wa wani babba. Ta rubuta cewa ta gwada Inna, Inna ta ce 'ya'yan kirki ba sa wannan zance, ta ba ta ruwan zafi.

Ki dubi halin da nake ciki. In na goge, na toshe wuri ɗaya tak da take tambaya. In na yi magana, ta gane Kawu ya karanta sirrinta, ba za ta ƙara haɗa ido da ni ba. In na yi shiru, ciwo yana nan. Kwana shida tana gaishe ni ina amsa wa bango.

Don Allah ki kira ta, ki tambaye ta kamar daga ranki ya fito. Sannan ki kira ni, ki umarce ni da kakkausar murya in kai ta asibiti. Zan yi mamaki yadda ya kamata. Na riga na gwada fuskar a madubi.

Ki gaida maigidan, da Goggo, da autarki.

Naki,
Yaya