Ba Dariya Ba Ce

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna, ya yara? Ni lafiya lau.

Hoton da na turo, ba dariya nake ba, haƙorana ke kaɗawa. Duk Asabar maigidana sai ya ja ni daji ɗaukar hoton ruwan da ke zubowa daga kan dutse, ya tsayar da ni a gaɓa don a ga girmansa. Rannan ƙugin ruwan ya toshe min kunne. Ya yafito ni, na zaci in ƙara ja baya yake nufi. Dunduniyata ta taka iska.

Ba mugu ba ne, shi ya cafko ni. Amma jibi za mu wani ruwan da ya fi wannan tsawo.

Ka ce wa Inna dariya ce. Ta dai sa ni a addu'a.

Ƙaninka.