Rigar Farautar Bobbo

Kagarawal, Gombe
Nuwamba, 1974

Zuwa ga Maigida, Baban Jamilatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya Ikko, yaya tuƙi da zafin bakin ruwa? Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, tana gaishe ka.

Wani abu nake so ka sani game da ƙanenka Bobbo. Ka san tun da aka sallame shi daga soja ba shi da aiki sai zaman tasha a Bolari. Shekaranjiya ya shigo ya ce zai kama sana'ar mahaifinku, marigayi Baffa, zai fara farauta. Inna har da hawayen murna. Ya roƙe ni in haɗa masa riga irin wadda nake yi wa Baffa.

Na ce to, saƙi za a yi da zaren da na kaɗa da hannuna, don ba ya ƙara in ya gogi ciyawa, ba kamar tetiron ɗin da ya cika kasuwa ba. In rine shi da ganyen marke da ɓawon maɗaci, ya fito kalar busasshiyar ciyawa. Sai warki na fatar akuya saboda ƙaya. Sai ya ce a'a, baƙi yake so, rinin shuni, kuma guda uku, har da na abokansa Iro da Joda.

Maigida, wane maharbi ne ke shiga dajin rani da baƙar riga? Barewa daga nesa za ta hango shi. Iron nan kuma da ya rako shi, turarensa sai da ya wuni a zaure. Baffa ko sabulu ba ya taɓawa in zai fita. Zuciyata dai ba ta kwanta ba.

Ka kula da cin abinci. Taka har kullum,
Fatimatu

Kagarawal, Gombe
Janairu, 1975

Zuwa ga Maigida,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiya, amsarka ta iso. Ka ce in daina zargin ɗan'uwanka, wanda ya ga yaƙi a yi masa uzuri. Na ji, Allah ya huci zuciyarka.

Riga ɗaya na yi, tasa, kuma kalar ciyawa. Na ce masa hannuna bai iya shuni ba. Ya karɓa yana ɓata rai. Abokan nasa sun sayi baƙaƙe a marina.

Sau da dama yanzu sun fita, kuma yana kawo nama. Inna sai rabo take wa maƙwabta tana cewa gadon gida ya dawo. Amma ni ke dafa naman nan. Yankan mahauta ne, har da tambarin likitan dabbobi na gani a jikin wata cinya. Bai taɓa kawo fata ba, bai taɓa kawo kai ba. Rigar kuwa in ya ba ni in kakkaɓe, ko ƙarangiya ɗaya babu a jikinta. Ta Baffa sai in wuni ina cirar ƙaya ina ɗinke yaga. Wannan kuwa warin man mota take yi.

Na tambaye shi wane daji suke shiga. Ya yi dariya ya ce, "Adda, ke dai ci nama."

Ga sabon agogo a hannunsa. A bakin rijiya kuma mata na ta zancen ana tare manyan motoci a hanyar Biu. Ban haɗa wannan da wancan ba, na dai faɗa maka abin da idona ya gani.

Jamilatu ta fara haƙori. Taka,
Fatimatu

Jekadafari, Gombe
Fabrairu, 1975

Zuwa ga Maigida,

Ina gaishe ka, ina roƙon Allah ya sa ka karanta wannan kana zaune. Daga gidanmu nake rubutowa, ni da Jamilatu muna wajen Goggo.

An kama Iro da Joda ranar Laraba. Sun tare motar auduga da hantsi, ashe da 'yan sanda a bayanta. Suka watsu cikin daji. Masu baƙar riga ba su yi nisa ba aka gano su. Direba ya rantse su uku ne, amma na ukun ya kwanta cikin ciyawa ya ɓace musu.

Da la'asar Bobbo ya shigo, rigar duk ta yage, ƙafafunsa na jini. Ya cire ta ya ajiye a gabana, ya ce, "Adda, aikinki ya yi kyau. Ke kaɗai kika san kalarta." Ya zauna a bakin madafa, duk inda na juya idonsa na kaina. Na zuba masa tuwo.

Washegari na shiga ɗakin Inna na faɗa mata komai, tun daga naman. Na ɗauka za ta zage ni. Sai ta ce ita ma ta shekara talatin tana dafa naman daji, ta san ɗanɗanonsa. Ta yafa mayafi, ta aika aka kira Sarkin Baka, abokin Baffa. Da shi da mai unguwa suka tafi da Bobbo ofishin 'yan sanda. Bai yi gardama ba. Inna ta bi su da ƙafarta mai ciwo har bakin titi.

Ka san hukuncin da ake yi wa masu fashi yanzu, harbewa ne. Sarkin Baka ya ce tunda ba a rasa rai ba, kuma da ƙafarsa ya je, wataƙila a sassauta. Allah kaɗai ya sani.

Ka nemi izini ka taho. Inna ba ta ci komai ba tun ranar, kuma ta ce ba za ta karɓi abinci daga hannun kowa ba sai naka.

Matarka,
Fatimatu