Sanyi a Bikin Adaeze

Kwaciri, Fagge,
Talata, 29 ga Afrilu.

Zuwa ga uwargidana Yakaka,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kin isa Maiduguri lafiya. Yaya jikin Inna? Allah Ya ƙara mata sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai zafin da kika bari, wanda ya ƙaru.

Kin san bikin Adaeze, 'yar aminina Chukwuma, ranar Asabar ne. To, zauren da suka kama a Sabon Gari sabo ne, kuma ba irin esin da na saba gyarawa ne a ciki ba. Wani ƙaton inji ne a kan rufi, ana ce masa cila. Shi yake sanyaya ruwa, famfo ya tura ruwan cikin bututu zuwa ƙananan fankoki da ke cikin silin, su kuma su huro sanyi. Wanda ya kafa shi ya koma Legas bai gama saiti ba, wayarsa kuma a kashe. Jiya aka kunna, minti biyu ya yi ƙara ya mutu.

Da hantsi Chukwuma ya zo shagona, gumi har gwiwa. Baƙi ɗari huɗu ya gayyata, har da tsohuwarsa da za a ɗauko daga ƙauye. Ya ce ni kaɗai ya yarda da ni. Na amsa masa da baki, amma Yakaka, ban san kan injin nan ba. Shekara talatin ina gyaran firji da kunne da tafin hannu, wannan kuwa allo gare shi kamar waya, komai da Turanci. Ki sa ni a addu'a, kada in ji kunya a gaban mutumin da ya tsaya mini ranar da shagona ya ƙone.

Mijinki,
Kyari.

Alhamis, 1 ga Mayu.

Yakaka,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata Inna ta fara cin abinci. Ki ba ni kunnenki ki sha dariya.

Madam Agnes, uwar amarya, ita ta cece ni. Kin san tsohuwar malamar makaranta ce. Ta bar masu ɗinki da masu girki, ta ɗaura ɗankwali, ta hau tsani har kan rufi da littafin injin a hammata. Tana karantawa tana juya mini da Hausarta ta Sabon Gari, ni kuma ina taɓawa. Ta ce alamar da ke fitowa a allo tana nufin ruwa ba ya tafiya. Na kara kunne a jikin famfo, na ji yana ƙugi kamar cikin mai azumi. Iska ce ta cika bututun. Na sassauta kan bututun da ke can sama, iska ta yi ta fita har ruwa ya fesa mini a gemu. Na kwance matatar ruwan kuma, na tarar da ita cike da yashi da guntun leda.

Muka kunna, ya tashi sumul. Muka sauko da murna, Chukwuma har ya fara tafi. Sai muka ji wata iska mai ɗumi tana sauko mana a ka, kamar an buɗe tanderun gurasa! Ashe injin hannu biyu gare shi, yana sanyayawa yana kuma ɗumamawa, don ƙasashen da ake sanyi. An bar shi a kan hoton rana, alamar ɗumi. Madam ta yi dariya har ta zauna a kan buhun shinkafa.

Na mayar da shi kan sanyi. Sai zumuɗi ya ɗebe ni, na sa ruwan ya sauka zuwa digiri uku, wai don a ji a jika. Nan take ya kashe kansa. Madam ta duba littafi, ta kalle ni ta saman tabarau yadda take kallon ɗalibai, ta ce tsoro yake kada ruwan ya daskare ya fasa masa ciki. Bakwai aka rubuta. Na sa bakwai, na ba shi haƙuri. Tun azahar yake aiki, ruwa na fita a bakwai yana dawowa a sha biyu, kamar yadda littafin ya ce.

Naki,
Kyari.

Lahadi, 4 ga Mayu.

Uwargida,

Sallama da gaisuwa. Na ji daɗi da ƙanwarki Ruwaida ta ce Inna ta taka har tsakar gida. Alhamdu lillahi.

An yi biki lafiya! Jiya tun da safe na wanke wa injin haƙarƙarinsa, wato ƙarafan da iska ke ratsawa, na tashe shi awa uku kafin baƙi su taru. Da aka ɗauke wuta aka koma janareta, na tsaya a gabansa ina salati har ya cika mintocin jiransa ya tashi da kansa. Ba wanda ya lura. A waje rana tana narka kwalta, a ciki kuwa kwalliyar amarya ko gezau.

Ana tsakiyar rawa aka ce kakar amarya tana neman mai injin. Na je ina zaton ƙorafin zafi za ta yi. Tsohuwar ta ƙudundune cikin zannuwa biyu, ta kama hannuna tana faɗa da Ibo. Chukwuma ya fassara, hawayen dariya na zubo masa: wai ta yi shekara tamanin ana ba ta labarin zafin Kano, ta zo kuma za a kashe ta da ɗari. Na hau na ƙara digiri biyu. Da na sauko ta sa aka ajiye mini kujera kusa da ita, ta hana ni tashi har aka watse.

Mai zauren ya ce daga yau ni zan riƙa kula da injin. Madam kuma ta yi alkawarin rubuta mini littafin da Hausa, shafi biyu duk mako, da sharaɗin za ta riƙa yi mini jarrabawa. Ga ni da furfura zan koma aji.

Adaeze ta ware miki ashobinki na ankon biki da kwalin cincin. Cincin ɗin dai ki hanzarta, don na riga na buɗe.

Ki gaishe da Inna da kowa da kowa. Gidan ya yi mini faɗi.

Mijinki mai kewarki,
Kyari.