Burodin da Ban Ji Ƙaurinsa Ba

Litinin, 3 ga Maris

Wata uku cif da aikin da aka yi min a kai. Likita ya ɗaga hoton yana murmushi, wai ƙarin ya fita tas, kuma da ma ba ciwon daji ba ne, irin mai sauƙin nan ne da ke tsirowa a fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. Alhamdu lillahi. Na ce to hancin fa? Ya ce ƙarin ya daɗe yana danne jijiyar jin ƙamshi, kada in sa rai sosai. Sai ya miƙo min takardar tambayoyi. Ina wanka da kaina? Ina hawa bene? Duk na ce e. Babu layin da ya tambayi mai gasa burodi ko yana jin ƙamshin burodinsa.

Alhamis, 6 ga Maris

'Yata Auta ce ke riƙe da gidan burodin tun da na kwanta. Yau na ji wai ta rataya agogo mai ƙararrawa a jikin tanderuna. Shekara talatin da takwas ina gashi, ban taɓa tambayar agogo komai ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Baba nake ta tunawa, Allah ya jiƙansa. Da zai koya min aikin, juya ni yake in ba tanderu baya. "Kar ka kalla, shaƙa." Ƙamshi uku ne, in ji shi. Na farko tsami-tsamin yis. Na biyu zaƙi-zaƙi. Na uku kamar ana soya gyaɗa a gidan maƙwabta, da ya zo sai ka ciro, in ka tsaya tunani ya wuce ka. Ƙeyata ta sha mari kafin in gane na ukun. Ran da na gane bai yabe ni ba, ya dai yago gefen burodin ya ba ni da zafinsa. Wallahi har yanzu ina iya tuna ɗanɗanon, amma ƙamshin ya ƙi zuwa.

Asabar, 15 ga Maris

Na buɗe akwatin marigayiya uwar yara, na kai gyalenta hanci. Yadi kawai. Na ninke na mayar.

Talata, 18 ga Maris

Na koma aiki. Auta ta tare ni a ƙofa da "Baba, ai likita bai ce ba tukuna." Na ce likitan ne ya gina tanderun? Na sauke agogon nata na jefa a aljihun tebur. Ido ma ai ma'aikaci ne. Zubi huɗu na yi, duk sun fito lafiya, sai dai na ƙarshen ya ɗan yi duhu. Ƙafafuna kuwa kamar ba nawa ba.

Laraba, 26 ga Maris

Burodi gwangwani sittin, duk gawayi.

Auta ta fita karɓo fulawa, ni kuma na zauna a benci in ɗan huta, wannan gajiyar da ke sauko min ba sallama tun bayan aikin. Ban yi barci ba, na rantse. Tunani kawai na tafi. Sai da idona ya fara yaji na ɗago na ga hayaƙi ya cika ɗakin, ga mai gyaran keke na tsallaken titi ya shigo da gudu yana tari. Shi can ya ji ƙauri. Ni taku uku ne tsakanina da tanderun.

Auta ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi min sauƙi. Ta ce, "Baba, ba burodin nake ji ba, kai nake ji." Ta miƙo hannu, na ba ta makullin gidan burodin. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Kwana tara ban leƙa ba. Kowa ya gan ni sai ya ce, "Kai, ai ka warke sarai." E, na warke. Abinci kamar ina tauna takarda.

Litinin, 14 ga Afrilu

Zaman gida ya ishe ni, na je na tsaya gefe hannuna a baya kamar baƙo. Na leƙa zubi na biyu, na ga bayansa ya yi ja yadda nake so. Na ce, "Ciro, ya yi." Auta tana goge tebur, ta ba tanderun baya. Ta ɗaga kai ta ja numfashi, ta ce, "Saura kaɗan, Baba."

Bakina ya buɗe zai yi gardama. Na rufe shi.

Da ta ciro na yaga ɗaya. Ya gasu har ciki, da an bi tawa da tsakiyar ta fito da danshi. Ban san yaushe ta koya ba, ni dai ban taɓa juya ta ba. Ashe duk shekarun nan tana bayana tana shaƙa.

Na ce mata gishirin ya ɗan yi yawa. Ƙarya nake, ina zan sani. Ta ce ko in karɓi makullina, na ce ta riƙe tukuna, aljihuna ya huje.