Turaren Marigayiya Ya Ƙare

Malama, ki taimake ni, kaina ya ci amanata. Ban yi boko ba, maƙwabcina tela ke rubuta mini wannan, yana ta tsaki wai na cika zagaye.

Tun ina saurayi nake haɗa turare, ban taɓa riƙe biro ba. Akwai haɗin da ban sayar wa kowa ba, na matata ne, Allah ya jiƙanta. Tun rasuwarta nake ɗiga shi a mayafinta da ke rataye bayan ƙofa. In na shigo sai in ji kamar maƙwabta ta leƙa. To, kwalbar ta ƙare.

Man nasa ya rage mini a kwalba biyu. Mai ƙarfi, kashi shida cikin goma mai ne, sauran sirki. Mai sanyi, kashi uku. Nata huɗu ne, wannan ko daga barci aka tashe ni. Amma nawa zan zuba daga kowacce? Da, kafin in cire murfi amsa ta iso. Jiya har shayina ya huce, shiru. Mai kawo man ya mutu, in na ɓata wannan, shi ke nan.

'Yata malamar makaranta ce, wai za ta sa harafi a madadin abin da ba a sani ba. Na ce uwarta ba harafi ba ce. Ta fita tana kuka. Ni kuwa ba zan miƙa wa takarda abin da kaina ya riƙe ba.

Tsoho Mai Turare

Baba, Allah ya jiƙan Mama. Na gane, ba lissafin ke maka ciwo ba, shirun ne. Amma 'yarka ma ƙamshin uwarta take nema. Harafin nan tabarma ce da ake shimfiɗa wa baƙo kafin ya iso.

Ga shi da ka: tsakanin shida da huɗu, biyu, tsakanin uku da huɗu, ɗaya. Musanya su: awo ɗaya na mai ƙarfi, biyu na mai sanyi. Shida da uku da uku, sha biyu. Raba uku, huɗu. Harafin 'yarka ma nan zai sauka.

Ka kira ta. Ku fara gwadawa da ɗigo. Ita ta zuba, kai ka sunsuna, tunda takarda ba ta da hanci. Ranar da hularka za ta rataya kusa da mayafin nan, a samu mai ɗiga muku.

Allah ya sanyaya zuciyarka, ya kai wannan rana nesa.