Hular Baba

Daren Laraba, Gyadi-Gyadi

Har yanzu raina a ɓace yake da Baffa Sani, ƙanin Baba. A ƙofar ɗakin kulawa ta musamman, a gaban jama'a, ya ce na yarda ana gana wa yayansa azaba. Wai mutum yana kan injin numfashi, ga bututu a maƙogwaro, sai a ce ya tashi zaune? "Mara lafiya kwanciya yake yi, Hauwa. Ke ba ki da tausayi ne?"

Ni ce ba ni da tausayi? Ni da kullum nake shafa wa Baba mai, ina kallon ƙafafunsa suna tsotsewa, kamar ba da su yake takawa har Unguwa Uku ya dawo ba. Likitar gashi, mai motsa wa marasa lafiya gaɓoɓi, ta yi min bayani cewa kwanciyar ce take cinye masa ƙarfi, har da na numfashi. Na ce mata bismillah.

Suka tallafe shi a hankali, wata nas tana riƙe da bututun, suka zaunar da shi a bakin gado. Ya haɗa gumi, ni ma haka. Can sai ya ɗaga hannunsa da ƙyar, ya dafa kansa, ya galla min harara. Nan take na gane. Baba bai taɓa zama cikin mutane babu hula ba.

Mutumin da Baffa ya riga ya sallama, shi ne yau yake hararata a kan hula!

Na saka hularsa ta Juma'a a jakata. Gobe Baffa ya faɗi duk abin da zai faɗa. Har da takalman Baba na haɗa.