Ranar da Tobin Bai Ja Gemu Ba

Talata, 4 ga Fabrairu

Lorna, nas ɗin da asibiti ke turo mana gida, ta zo da sabon salo. Wai za ta koya mana yadda ake gane cewa jikin Tobin ya fara rikicewa. Ni za a koya wa? Shekara bakwai ina ba shi abinci ta bututun ciki, ina zuƙe masa majina, ina juya shi. Yaro ba ya magana, amma ko numfashinsa ya canza ina ji daga kicin. Kuma wai dole a kira Curtis, tunda shi ma uba ne. Uban Asabar da Lahadi.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Ya zo a makare, da dusar ƙanƙara a takalmi har kan kafet ɗina. Tun kafin mu rabu haka yake.

Lorna ta yi bayanin bututun da ke cikin kan Tobin, mai tsiyaye ruwan ƙwaƙwalwa. In ya toshe ba lallai a ga zazzaɓi ba. Yawan barci, amai, ko kuwa ka ga yaro ba yadda ka saba ganinsa ba. "Ku daina zuba wa na'ura ido," in ji ta, "ku kalli ɗanku." Curtis sai gyaɗa kai yake. Mutumin da har yau bai iya faɗin sunan maganin farfaɗiyar ɗansa ba.

Jumma'a, 7 ga Fabrairu

Curtis ya zo ya ɗauki Tobin. Gida tsit. Na tsani Jumma'a.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

A asibiti nake rubutu.

Jiya ina wurin aiki a gidan burodi, hannuna duk fulawa, ya kira. "Delphine, yaron nan ba daidai yake ba." Zazzaɓi? Babu. Amai? Babu. Na'urar numfashi fa? Lafiya lau. To mene ne?

"Bai ja min gemu ba. Kullum na ɗaga shi sai ya ja. Yau kallona kawai yake, sai barci."

Na ce, "Haba Curtis, a kan gemunka za ka ɗaga min hankali? Gajiya ce. Ka bari in tashi daga aiki in zo."

Ya ce, "Asibiti zan kai shi. Ba izini nake nema ba, sanar da ke nake." Ya kashe wayar. Ni ya kashe wa waya!

Duk hanyar Duluth, garin da asibitin yake, zaginsa nake a mota. Na isa na tarar yana ɗaga wa matar da ke karɓar marasa lafiya murya, don ta ce su zauna su jira, ai babu zazzaɓi. Yana ta maimaitawa, "Ni na san ɗana, ku duba kansa!" Na kalli Tobin a kekensa na guragu, idanu sun yi ƙasa, kai ya langaɓe. Ban san sanda na fi Curtis ihu ba.

Aka ɗauki hoto. Bututu ya toshe. Kafin yamma an shiga da shi tiyata. Likitar ta ce da an bari ya kwana... ba ta ƙarasa ba, ni ma ban tambaya ba.

Ina jin haushin matar nan mai karɓar marasa lafiya. Ina jin haushin Lorna. Ina jin haushin fulawa.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Tobin ya farfaɗo, ya yi min ƙarar nan tasa ta ƙorafi. Kuka na yi a banɗaki.

Curtis har yanzu bai ce "ai na faɗa miki" ba. Da ya faɗa da na sami abin kamawa. Sai miƙo min miya mai zafi yake, yana cewa in ci. Wulaƙanci.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Mun dawo gida tun makon jiya. Yau da rana na ga kamar Tobin ya yi sanyi, na kasa tantancewa. Na kira Curtis. Don dai ya fi Lorna kusa ne, ba wani abu ba.

Ya bar aiki ya zo, ya daɗe a tsugune a gabansa. "Lafiyarsa ƙalau, barci ne na gaske. Ke me kika gani?" Na faɗa masa, ya saurara har ƙarshe.

Na zuba masa kofi. Dama na riga na dafa, zubarwa zan yi.